Yadda ake gane tsohon katin 'yan kwana-kwana, a saye shi, a adana shi

Katin farko da na saya da kuɗina hoton wasu mutum tara ne, sun jeru a bakin wata ƙofa mai faɗi, kowa da murtukeken gashin baki, a bayansu ga dawaki biyu ɗaure da wani inji mai dogon bututun hayaƙi. Mai sayarwa ya rubuta cewa na shekarar 1880 ne. Na yarda, na biya, ban ko nemi ya nuna mini bayansa ba. Ranar da ya iso na juya shi, sai ga wani siririn layi ya raba bayan gida biyu, hagu wajen saƙo, dama wajen adireshi. A Amurka ba a yarda a buga wannan layin ba sai daga 1 ga Maris, 1907. Wato an yi wa katin ƙarin shekara 27 ko fiye, ni kuwa na yi cinikin biri a sama. Tun daga ranar ba na kallon fuskar kati sai na gama da bayansa.

Abin da nake magana a kai shi ne katin gidan waya, wanda ake manna wa kan sarki a aika shi haka nan ba ambulan, mai ɗauke da hoton 'yan kwana-kwanan da, da dawakinsu, da injinansu, da gobarar da suka kashe. Yana da 'yan uwa, wato takardun da aka buga don amfanin yini ɗaya a yar: tikitin liyafa, rasit, takardar shaidar shiga ƙungiya, tallan kamfanin mesa. Akasarinsu daga Amurka da Ingila da Faransa da Jamus suke, kuma katunan da suka fi daɗin tarawa an yi su ne tsakanin 1900 da 1930.

Mataki na farko: yanka wa kanka fili

In ka ce duk katin gobara za ka saya, aljihu zai ƙare kafin katin ya ƙare. Sai ka san tarihin sama-sama, sannan ka zaɓi gefe ɗaya.

A Amurka kashe gobara ya fara ne kamar aikin gayya. A Disamban 1736 Benjamin Franklin da abokansa suka kafa ƙungiyar Union a Filadelfiya, kowane ɗan ƙungiya yana ajiye gugan fata da buhun kwashe kaya a gidansa. Daga nan kowace unguwa ta yi tata ƙungiyar, da sunanta, da lambarta, da rigarta, da kuma kishinta, don akan ba hamata iska tsakanin ƙungiyoyi biyu a kan wa zai fara kama famfon titi, gida kuwa yana ci. Birnin Sinsinati ne ya fara ɗaukar cikakkun ma'aikata masu albashi a 1853, New York ta bi a 1865. Ƙananan garuruwa suka ci gaba da aikin sa-kai, da yawansu har yau, kuma nasu hotunan ne suka fi ban sha'awa, domin wanzamin gari da maƙeri da mai kanti ne za ka gani cikin hular kwano.

A Landan kamfanonin inshora ne suka riƙe aikin bayan babbar gobarar 1666. Suka haɗa rundunoninsu a 1833 ƙarƙashin James Braidwood, wanda bango ya faɗo wa a gobarar titin Tooley a 1861. Hukuma ta karɓa a 1866 da sunan Metropolitan Fire Brigade, sai a 1904 aka mayar da shi London Fire Brigade. Riƙe wannan shekarar, za ta yi maka amfani in ka ga rubutu a jikin inji. A Faris kuwa Napoleon ne ya mayar da su bataliyar soja a 1811, shi ya sa a katunan Faransa za ka gan su a jere kamar ana fareti.

To, zaɓi: ko gari ɗaya, ko gobara ɗaya, ko kamfanin inji ɗaya. Ni na tsaya a kan shekarun da doki ke miƙa wa mota aiki, daga wajen 1905 zuwa 1923, saboda a nan ne hoto ya fi magana.

Mataki na biyu: kayan aiki

Ba su da yawa. Madubin ƙara girma mai ninki goma, irin na masu gyaran agogo. Rula mai inci da santimita, don tsohon kati inci uku da rabi ne da inci biyar da rabi, wajen santimita 9 da 14, wanda ya fi haka girma galibi ɗan baya ne. Fensir mai taushi, burushi mai laushi wanda bai taɓa shiga fenti ba, sai ƙaramar tocilan mai shuɗin hasken nan da ake duba jabun kuɗi da ita. Ka wanke hannu ka busar, ka ture kofin shayi nesa.

Mataki na uku: kifa katin

Abu huɗu za ka bi ɗaya bayan ɗaya: tsarin bayan, akwatin da ake manna kan sarki, shi kansa kan sarkin, sai hatimin gidan waya.

Fara da tsarin. A katin Amurka, in ka ga an buga "Private Mailing Card", to tsakanin 1898 ne da ƙarshen 1901. Daga Disamban 1901 aka yarda a buga "Post Card", amma bayan gaba ɗaya na adireshi ne, ba a rubuta saƙo a can. Wannan ne dalilin da za ka ga mutum ya cusa rubutunsa a ɗan farin filin da ke ƙasan hoto, ko ma ya bi ta kan sararin samaniyar hoton. Sabon shiga yakan ɗauka ɓarna ce, har ya nemi ragi, alhali shaida ce a kan tsufan katin. Layin da ke raba baya gida biyu ya zo Ingila a 1902, Faransa a 1904, Jamus a 1905, Amurka a 1907. Saboda haka sai ka san ƙasar kafin ka yanke hukunci.

Duba ƙananan rubutun gefe. Katunan Amurka masu kyawun launi da yawa a Jamus aka buga su, kuma za ka ga an rubuta haka. Harajin shigo da kaya na 1909 ya rage wannan ciniki, yaƙin 1914 ya ƙarasa shi. Bayan nan sai katuna masu farin baki zagaye da hoto, daga wajen 1915 zuwa 1930. Sai masu kaushi kamar saƙar yadi, masu launi rau-rau, daga wajen 1930 zuwa 1945. Masu santsi da ƙyalli irin na hoton kala sun fara a 1939, suka mamaye kasuwa bayan yaƙin duniya na biyu. In kuwa adireshin mai bugawa na ɗauke da lambar yanki mai alƙaluma biyar, ba a yi katin kafin 1963 ba, ko da hoton ciki na dawaki ne. Kamfanin Curt Teich na Shikago ya sauƙaƙa wa mai bincike: a lambar katunansa harafin A na nufin shekarun 1930, B na 1940, C na 1950, alƙalamin da ke gaban harafin kuma shi ne shekarar. Lambar da ta fara da 3A ta 1933 ce ke nan.

Sai akwatin kan sarki, in ba a manna komai a kai ba. Katunan hoto na gaske ana wanke su ne a kan takardar hoto, masu yin takardar kuwa sukan buga sunanta zagaye da akwatin. Wadda za ka fi cin karo da ita ita ce AZO ta kamfanin Kodak. Kalli kusurwoyi huɗun. In ƙananan dala huɗu ne, wato alwatika, duk suna kallon sama, tsakanin 1904 ne da 1918. In biyu na kallon sama biyu na kallon ƙasa, 1918 zuwa 1930. In 'yan murabba'ai ne, daga tsakiyar shekarun 1920 zuwa na 1940. Sai dai mai hoto yana iya ajiye kwalin takarda ya yi shekaru yana ci, don haka ka bar wa lissafinka ɗan numfashi.

Kan sarki kuwa, a katin Ingila sunan ya ci sunansa, don kan sarki ne a zahiri. Na Edward na bakwai ya fara fita a 1902, na George na biyar a 1911. Kuɗin aika kati a cikin ƙasar rabin kwabo ne, ɗarin nan da tsofaffinmu suka sani, kore, har zuwa Yunin 1918 da ya koma kwabo, ja. A Amurka senti ɗaya ne shekara da shekaru. Ya hau senti biyu daga Nuwamban 1917 zuwa tsakiyar 1919 saboda harajin yaƙi, ya sake hawa tsakanin 1925 da 1928, sannan daga 1952 bai ƙara komawa senti ɗaya ba. Faransawa kuma suna da al'adar manna nasu a fuskar hoto. Ko ina yake, kada ka ɓanɓare shi.

Hatimi shi ne na ƙarshe, kuma a nan mutane ke zamewa. Ranar da aka aika katin yake faɗa, ba ranar da aka buga shi ba, kati kuwa yana iya yin shekara biyar a kanti. Ga yadda ake haɗa su: tsarin baya na cewa ba a yi ni kafin kaza ba, hatimi na cewa ba a yi ni bayan kaza ba. Shekarun da ke tsakanin biyun su za ka rubuta. Sannan ka karanta saƙon da kansa. Wani lokaci gaisuwa ce kawai da labarin ruwan sama, wani lokaci kuma za ka ga an sa alamar kuros a kan mutum ɗaya a hoton an ce ga ni nan. Kati mai suna da gari ya fi goma marasa su.

Mataki na huɗu: sa madubi

Yanzu juyo fuskar, ka ɗora madubi a kan fuskar mutum ɗaya ko a kan inuwa. In launin ya tafi sumul daga baƙi zuwa fari ba ɗigo ko ɗaya, hoto ne na gaske. In ka ga ɗige-ɗige a jere kamar ramukan rariya, bugun maɗaba'a ne. In kuma wasu 'yan lanƙwashe-lanƙwashe ne kamar ƙananan tsutsotsi, wannan tsohon salon bugu ne da Jamusawa da Faransawa suka ƙware a kai, ba aibi ba ne. Abin gudu shi ne ɗigon kala da aka watsa barkatai kamar yayyafi, a kan takarda fara tas. Wannan aikin firintar zamani ne. Kashe fitila ka haska shi da tocilan ɗin nan. Takardar da aka yi daga shekarun 1950 zuwa yau galibi tana da sinadarin ƙara fari, sai ta yi shuɗin haske, tsohuwa kuwa ta yi shiru.

Me ya sa ake rububin hoto na gaske? A 1903 Kodak ta fitar da kyamara mai naɗewa, lamba 3A, wadda fim ɗinta daidai yake da girman kati. Sai mai hoton ƙauye ya ɗauki 'yan ƙungiyar garinsu, ya wanke 'yan ƙalilan ya sayar wa su da danginsu. Farin rubutun hannu da kake gani a ƙasan irin waɗannan, a kan fim aka yi shi da tawada, shi ya sa ya fito fari. In ka karkata katin ka ga wani ƙyalli mai shuɗi-shuɗi kamar na ƙarfe a wuraren baƙi, azurfar cikin hoton ce ta taso saboda shekaru. Shaidar tsufa ce, kuma gargaɗi ne cewa ya sha laima.

Katin bugu kuwa kada ka ba shi amana duka. Masu maɗaba'a sukan zana harshen wuta da hayaƙi da hannu don hoto ya yi armashi, sukan kuma sayar da hoton dawaki ɗaya da sunayen garuruwa daban-daban. Akwai ma gobarar wasa. A wurin shaƙatawa na Dreamland da ke Coney Island a New York, daga 1904 an riƙa cinna wa wani ginin ƙarya wuta a gaban 'yan kallo masu biyan kuɗi, a kashe, a sake, kuma an buga katunan wasan da yawa. Shi Dreamland ɗin gobarar gaske ce ta cinye shi a Mayun 1911.

Mataki na biyar: karanta hoton kamar shaida

Fara da injin. In ka ga akwati a kan ƙafafu huɗu da dogayen sanduna biyu a gefe da gefe, wannan famfon hannu ne, mutane ke jeruwa suna dannawa. A zamanin kati ya riga ya zama kayan tarihi a manyan birane, ana fito da shi ne ranar biki ko gasar wa zai fi harba ruwa nesa. Don haka tsufan inji ba tsufan kati ba ne. In tukunya ce a tsaye mai bututun hayaƙi, dawaki biyu ko uku na ja, injin tururi ne, mai cin kwal, wanda ya yi mulki daga shekarun 1850 har zuwa na 1920. Nemi sunan maƙera a jiki: Amoskeag, Ahrens ko American LaFrance a Amurka, Merryweather ko Shand Mason a Ingila. Wanda na fi so shi ne ruwa biyun nan na wajen 1912 zuwa gaba, inda aka kwance dawaki aka ɗaura wa tsohon injin tururi gaban mota. Motocin farko kuwa tayarsu roba ce tsantsa ba iska, sarƙa ke juya ƙafar baya kamar keke. Landan ta sallami dawakinta a 1921, New York a Disamban 1922, Shikago a Fabrairun 1923.

Rubutun saman ƙofa na faɗa maka aikin ƙungiyar. "Engine" masu famfo ne, "Hose" masu mesa, "Hook & Ladder" masu tsani da ƙugiyar rushe rufi, "Chemical" kuma masu tankin da ake haɗa soda da asid a ciki don ruwa ya fito da ƙarfi. In hoton cikin tasha ne, ɗaga ido sama. Kayan doki za ka gani a rataye daga rufi, domin an horar da dawakin da jin ƙararrawa su fito su tsaya a ƙarƙashi, a sako musu kayan a ɗaure cikin daƙiƙoƙi. Sandar sulluɓowa daga bene kuwa a Shikago aka fara ta, a 1878.

Hular ma tana magana. Ta Amurka ta fata ce, mai dogon baki ta ƙeya don ruwa da garwashi su zame ta baya, da allon fata a goshi mai lambar ƙungiya. Sa madubi a kan wannan allon, sau da yawa shi kaɗai ne ke ɗauke da sunan gari. Mai farar hula, ko mai riƙe da ƙahon ƙarfe na ba da umarni, shi ne babba. Ta Landan ta tagulla ce mai tsoro a ka kamar na zakara, daga 1868 har ƙarshen shekarun 1930, lokacin da wayoyin lantarki suka mayar da ita haɗari.

In hoton fareti ne a Amurka, ƙirga taurarin tuta: 45 daga 1896 zuwa 1908, 46 zuwa 1912, 48 daga nan har 1959.

Manyan gobara suna da ranakunsu, su ne suka fi sauƙi. Ta Baltimo a Fabrairun 1904, inda agaji ya zo daga wasu birane amma bakin mesarsu bai shiga famfunan garin ba, gine-gine fiye da 1,500 suka tafi. Ta San Faransisko da ta biyo girgizar ƙasa a 18 ga Afrilu, 1906. Ta ginin Equitable a New York a 9 ga Janairu, 1912, wadda sanyi ya sa ruwan da ake fesawa ya daskare har ginin da injinan suka koma dutsen ƙanƙara. Waɗannan an buga su da ɗimbin yawa, don haka kada a tsuga maka kuɗi da sunan ba a samu. In kuwa wani ya ce maka ga katin hoto na lokacin gobarar Shikago ta 1871, yi masa sallama, don a lokacin Amurka ba ta ma fara katin gidan waya mai hoto ba.

Idan ka san gari amma kana son sanin titi, nemi taswirorin Sanborn a shafin ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, kyauta ne. Don masu inshorar gobara aka zana su, gini bayan gini, na bulo ruwan hoda, na katako rawaya, kuma tashar 'yan kwana-kwana a rubuce take.

Mataki na shida: sauran takardun

Waɗannan ba su da kan sarki, sai ka dogara da takardar da tawadar. Kafin wajen shekarun 1860 da tsumma ake yin takarda, bayan nan aka koma itace, mai asid da ke cin kansa. Shi ya sa takardar shaidar 1840 kan zo maka da laushi da ƙarfi, tikitin 1895 kuwa ya yi ja yana karyewa kamar busasshen ganye. Tsohuwar tawada ta kan koma ruwan ƙasa, wani lokaci har ta huda takardar. Biro bai shiga kasuwa ba sai tsakiyar shekarun 1940, to in ka gan shi a takardar da aka ce ta 1900 ce, wani ne ya ƙara daga baya.

Mafi daraja a wajena ita ce takardar sallama da a da New York ke ba ɗan sa-kai da ya cika shekarun hidimarsa, wadda ke yafe masa zaman taya alƙali shari'a da aikin sojan gari. Tana da suna, da lambar ƙungiya, da kwanan wata, da sa hannu. Masu araha kuma akwai 'yan katunan da ake sakawa cikin kwalin taba, kamar jerin guda 50 na injinan kashe gobara da kamfanin Player na Ingila ya fitar a 1930. Manyan zanunan da Nathaniel Currier ya buga a 1854 kan rayuwar ɗan kwana-kwana, shi ma ɗan sa-kai ne a New York, an sake buga su ba adadi, saboda haka madubi tukuna.

Kada kuma ka manta da adakar gida. In kakanka ya yi aikin kwana-kwana a Kano ko Kaduna ko Damagaram, takardar ɗaukarsa aiki da hoton faretinsu irin wannan kayan ne, kuma babu kasuwar da za ta sayar maka da madadinsu.

Mataki na bakwai: ciniki

A shafukan ciniki na intanet, eBay ya fi kayan Amurka da Ingila, Delcampe ya fi na Faransa da Jamus. A na farko haɗa sunan gari da "fire department" da haruffan RPPC, wato hoto na gaske. A na biyu rubuta "pompiers", wato 'yan kwana-kwana da Faransanci, da CPA, wato tsohon kati, ko "Feuerwehr" da Jamusanci. Mutanen Nijar sun fi mu morar wannan kasuwar saboda Faransanci.

Kada ka biya sai ka ga hoton gaba da baya, a fili. Wanda ya ƙi nuna baya, bar shi. Tambayi ko akwai lanƙwasa, ko an datse gefe da almakashi, ko baƙar takardar album ta manne a baya. Dubi farashin da aka riga aka sayar da irinsa, ba wanda ake nema ba. Kuɗin aikowa yakan fi na katin, don haka tara biyar ko goma wajen mutum ɗaya, ka ce ya sa su tsakanin kwali biyu masu tauri, cikin leda, ta hanyar da ake iya bin sawu. Sabon shiga ya fara da masu araha, ya koyi hannu a kansu.

Mataki na takwas: ajiya, inda ƙasarmu ke da nata hukuncin

Ka ji wannan da kyau: kada ka kai katin shagon da ake yi wa satifiket leda da zafi. Mun saba da hakan har muna ganin gata ne, amma gam ɗin yana narkewa ya shiga cikin takardar, ba ya fita har abada, darajar katin kuma ta mutu nan take. Haka salatif, wanda ke barin jan tabo, da robar ɗaure kuɗi da ke narkewa ta manne, da ƙusar takarda da ke yin tsatsa. In kati ya yage, bar shi da yagarsa. Kada ka wanke, kada ka goge da kilina, kada ka sa masa dutsen guga. Duk gyaran gangar Abzinawa ne. Burushi mai laushi kaɗai, daga tsakiya zuwa gefe.

Kowane kati da rigarsa ta leda. Nemi ta poliyesta ko ta polifirofilin da aka yi don adana hoto. Guji mai taushin nan mai warin sabon labulen banɗaki, wato PVC, don tana fitar da maiƙo tana ɗebe tawada. Jera su a tsaye cikin kwali marar asid, ba a danne ba, ba kuma sakwa-sakwa da za su lanƙwashe ba.

Masana adana takardu suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 30 da 50 cikin ɗari, ɗaki kuma da sanyi-sanyi. Mu kuwa watan Agusta na kawo danshi da fumfuna, hunturu ya kawo bushewar da ke naɗe hoto kamar tabarma, ga ƙura. Hawa da saukar nan ita ce ta fi ɓarna. Abin da nake yi shi ne in sa kwalin cikin babban akwatin roba mai murfi da ke rufuwa ruf, da damina in jefa 'yan ƙunshin silika, irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, tare da ƙaramin ma'aunin laima. Da hunturu in cire ƙunshin. Zaɓi ɗakin tsakiyar gida, ba mai fuskantar yamma ba, ba dab da kwanon rufi ba. Ɗaga akwatin daga ƙasa, ka janye shi daga bango. Na taɓa jingina wani kwali da bango na yi tafiyar wata biyu, na dawo na tarar gara ta yi hanya ta ƙasa, ta cinye kusurwar katuna goma sha ɗaya, ta bar mini ƙasa a madadi. Kyankyaso ma yana lasar fuskar hoto, ɓera kuma ba sai an faɗa ba. Kada ka fesa maganin ƙwari a kan takarda, kewayen ɗakin za ka tsare. Buɗe akwatin sau ɗaya a wata ka shinshina, in ka ji warin rima, ware wanda ya kamu nan da nan.

In kana son ratayewa a falo, buga kwafi ka rataye. Rana na kashe launi, ba ya kuma dawowa.

Mataki na tara: rubuta abin da ka gano

Ɗauki kowane kati a sikana, gaba da baya, a ƙalla ɗigo 600 a inci, don a wannan girman ne lambar hula ke fitowa a allon kwamfuta. Ajiye kwafi a wuri biyu. Ba kowanne lamba, ka rubuta ta a jikin rigar ledar, ko in ya zama dole a kusurwar baya da fensir, a hankali, ba da biro ba. A littafi ko a kwamfuta ka shigar da ƙasa, gari, ƙungiya, irin bugu, shekarun da ka ƙiyasta da dalilinka, inda ka saya da nawa. Dalilin nan kada ka bar shi, don bayan shekara biyu kai kanka za ka manta me ya sa ka ce 1912.

Mutum taran nan nawa su ne lamba 001. A gabansu na rubuta: Amurka, hoto na gaske, baya mai layi, AZO dala huɗu na kallon sama, 1907 zuwa 1918. Kuɗin da na biya kuwa da jan biro na rubuta shi, a littafin.